Ya kamata a sa bel a motar makaranta? Ina neman shawara kafin taron iyaye na ranar Asabar

Maman Ummi ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, amma bari in fara da abin da ya kawo ni.

Ranar Talatar makon jiya, wajen biyu da rabi na rana, ina tsakar gida ina kwashe shanya na ji hon ɗin motar makaranta. Na saba da zarar an yi hon, Ummi za ta banko ƙofa a guje, jaka na dukan bayanta. Ran nan sai na ji sallamar antin da ke raka su. Ta shigo riƙe da hannun yarinyar, an danne mata haɓa da hankici, gaban farin hijabinta duk jini ya bushe. Wai suna kan titin Maiduguri za su shigo Hotoro, wani mai adaidaita ya yanko gabansu zai ɗauki fasinja, direba ya taka birki iya ƙarfinsa. Motar ba ta taɓa komai ba, ko ƙwarzane babu. Amma Ummi da ke zaune a bakin kujera ta uku sai ta tashi sama, haɓarta ta haɗu da ƙarfen bayan kujerar gabanta. Ɗinki huɗu aka yi mata, haƙorinta ɗaya na gaba yana girgiɗa. Shekararta shida. Wani yaron kuma, da yake a tsaye yake, ya samu ƙulu a goshi.

Alhamdulillah da abin ya tsaya iya nan. Amma tun ranar ban yi barcin kirki ba, abu ɗaya nake ta juyawa a raina: birki kawai fa aka taka. Da karo aka yi fa?

Da za ta koma makaranta ranar Alhamis, ni da kaina na raka ta bakin titi, na tsaya na dubi motar nan da kyau. Wallahi raina ya sosu, shekara biyu ke nan ina miƙa 'yata cikinta ban taɓa leƙawa ba. Hiace ce, irin wadda ake ce wa Homa, mai cin mutum 18. Na ƙirga kawuna ta taga, yara 26, kuma anti ta ce saura gida uku ba a ɗauka ba. Kujerar mutum uku yara huɗu ne ko biyar a kai, ƙanana a cinyar manya. Biyu suna gaba kusa da direba. An kuma ƙara wani ɗan benci a bayan direba, waɗanda ke kansa sun juya wa titi baya suna kallon 'yan'uwansu. Bel ɗaya na gani a motar gaba ɗaya, na direba, shi ma an zagaya da shi ta bayan kujera an maƙale.

Tun 2003 'yan Rodsefti suka fara kama direban da bai ɗaura bel ba. Babansu Ummi ko masallacin Juma'a zai je da mota sai ya ɗaura. To mu manya mun ɗaure kanmu, 'ya'yanmu kuma mun zuba su kamar buhunan albasa.

Na je na sami shugabar makarantar. Gaskiya ta karɓe ni da mutunci, ta ba da haƙuri, kuɗin ɗinkin ma su suka biya. Amma da na kawo maganar bel sai ta ce, "Hajiya, ai ko a Amurka motocin makaranta ba su da bel." Ta ƙara da cewa in wuta ta tashi, Allah ya kiyaye, bel ɗin ne zai hana yara fita. Na yi shiru, na dawo gida da maganar a ƙirjina.

Ranar Asabar akwai taron iyaye da malamai, kuma na ƙudura zan tashi in yi magana. Ba na son in je da fushi kawai, ina son in je da hujja. Shin gaskiya ne maganar Amurkan nan? Bel yana amfanin yaro ɗan shekara biyar ko shida, ko cutar da shi zai yi? Kuma motar da babu bel a cikinta, ana iya sa mata a nan Kano? Naira dubu arba'in muke biya na mota duk zango, ban ga laifi ba in na tambayi inda 'yata take zama. Duk wanda ya san wani abu, don Allah ya taimaka min.

Baba Direba ya amsa:

Wa alaikumus salam. Sannu Hajiya, Allah ya ba ta lafiya, ya kiyaye gaba.

Shekarata goma sha ɗaya ina jan motar makaranta a garin nan, kafin nan na yi layin Kano zuwa Jos. Ba na faɗa da bel. Amma bel na mutum ɗaya ne. Kujera 18, yara 29, wa za a ɗaure wa za a bari? In aka haɗa biyu a bel ɗaya, ranar da aka taka birki kawunansu ne za su gwaru. Don haka in kin tashi ranar Asabar, ki fara da lodi kafin ki zo kan bel.

Ki kuma san inda lodin ya samo asali, don kada a rufe miki baki. A da sawu biyu muke yi da safe, biyu da rana. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 har ta taɓa wuce dubu. Sai masu makarantu da yawa suka haɗe sawu biyu ya zama ɗaya, don in suka ƙara kuɗi iyaye za su janye yara. Kuma kin san inda yaran za su koma in an janye su? Adaidaita. Ki tsaya bakin kowace makaranta ƙarfe biyu ki gani: yara takwas, tara, biyu a gefen direba ƙafafunsu na reto a waje, babu ƙofa. Homar da kike kuka da ita ta fi wannan sau goma. Wannan shi ne abin da nake tsoro in aka matsa da yawa ba tare da an yi lissafin talaka ba.

Sai laifinku iyaye, ki yi haƙuri in faɗa. Ina yin hon a ƙofar gida, a ce min ana sa masa safa, ko bai gama shan shayi ba. Minti biyar a gida goma, minti hamsin ke nan. Makaranta na rufe get takwas saura kwata, in na makara ni za a yi wa faɗa. Ina zan samo mintocin nan in ba a kan titi ba? Yawancin gudun da kuke gani daga nan yake. Tun 2017 aka ce motocin haya su sa na'urar taƙaita gudu. Ki tambaya ko taku tana da ita, kuma ko tana aiki.

Maganar wuta kuma, ba bel ne abin tsoro ba. Ki duba bayan kujerar ƙarshe ko akwai jarkar fetur, don wasu direbobi na ajiyewa. Ki duba ko ƙofar nan ta ja tana buɗuwa da hannu ɗaya ko sai an dake ta. Ki duba tukunyar kashe gobara. Ni ina da 'yar wuƙar yankan bel a aljihun gaba, ba ta da tsada.

Abin da ya fi tayar min da hankali a aikin nan shi ne lokacin sauka. Wata rana a Gyaɗi-gyaɗi na sauke wani ɗan nazire, na ga ya nufi ƙofar gidansu, na sa giya. Ashe gorar ruwansa ce ta gangara ƙarƙashin motar, ya dawo ya sunkuya gaban taya. Ihun anti ne ya sa na tsaya. Na fito jikina na rawa, na tarar da shi yana miƙo min gorar yana dariya. Tun daga ranar ba na motsawa sai na ga yaro ya shiga gida da idona.

Ɗan Zazzau a Bronx ya amsa:

'Yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ni motar makaranta nake ja a nan New York, ruwan ɗorawar nan da kuke gani a talabijin, don haka bari in amsa miki maganar Amurka.

Shugabar taku ta faɗi rabin gaskiya. Gwamnatin tarayya a nan ba ta tilasta sa bel a manyan motocin makaranta ba, kuma a jihohi da yawa babu shi. Amma ba don sun ga bel ba shi da amfani ba ne, don sun gina motar ne ta wata hanya dabam. Tun 1977 aka kafa ƙa'idar yadda za a ƙera kujerun: bayansu dogo ne, ya rufe kan yaro, an lulluɓe shi da soso mai kauri gaba da baya, babu ƙarfe a fili, an kuma matso da su kusa da juna. Bayan kujerar an yi shi ne ya ɗan lanƙwasa in an buge shi, ya shanye ƙarfin bugun. Kamar kiret ɗin ƙwai, kowane yaro yana cikin gurbinsa. Da a irin wannan kujerar Ummi take, soso za ta tarar, ba ƙarfe ba.

Sannan ga nauyi. Motar da nake ja in ta cika ta haura tan goma, kuma yaran suna zaune can sama, sun fi ƙarfin inda ƙaramar mota za ta buga. Homa da lodinta tan uku ce da 'yan kai. In tirela da Golf suka yi karo kin san wanda zai ji jiki. Ga kuma dokar titi: in na tsaya ɗaukar yaro na kunna jar fitila, allon tsayawa ya fito daga gefen motar, duk motar da ke bayana da wadda ke tahowa dole ta tsaya cak, wanda ya wuce tara mai nauyi ce. Duk da haka, yaran da ake rasawa a waje wurin hawa da sauka sun fi waɗanda ake rasawa a cikin motar. Maganar Baba Direba gaskiya ce har a nan.

Ga rabin da ba a gaya miki ba. Ita wannan gwamnatin da ta bar manyan motoci babu bel, ta wajabta shi a ƙananan motocin makaranta, waɗanda nauyinsu da lodi bai wuce fam 10,000 ba, wato kimanin kilo 4,500. Tun 2011 ma sai mai ratsa kafaɗa da ƙugu ake sa wa sababbi. Homa a wannan sahun take. Wato ko da dokar Amurka za a bi, motar su Ummi ba za ta ɗauki yaro babu bel ba.

Su manyan ma ana ta sauyawa. Jihar New York ta fara sa bel ɗin ƙugu a sababbin motoci tun 1987, tawa tana da shi a kowace kujera. Kalifoniya ta wajabta mai kafaɗa a sababbi tun 2005. Dalili shi ne kiret ɗin ƙwan nan yana aiki ne in an yi karo ta gaba ko ta baya. In aka bugi motar ta gefe, ko ta kife, yaro ficewa yake daga gurbinsa. A watan Nuwamban 2016 wata motar makaranta ta kife a garin Chattanooga na jihar Tennessee, direban yana gudu, ta daki bishiya, yara shida suka rasu. A 2018 hukumar NTSB mai binciken haɗura ta ba jihohi shawarar duk sabuwar babbar motar makaranta a sa mata bel mai kafaɗa.

In misali kike so ki kai taron, na Ingila ya fi kama da namu. A watan Nuwamban 1993 wata ƙaramar bas, girman Homa, ɗauke da 'yan makaranta suna dawowa daga Landan da dare, ta daki wata motar gyaran hanya da ke tsaye a gefen babban titin M40. Yara 12 da malamarsu suka rasu. Motar ba ta da bel a baya, kuma wasu yaran kan benci suke a jikin bango suna fuskantar juna. Daga 1997 doka ta ce irin waɗannan motoci in za su kwashi yara, kowane yaro sai da kujerarsa mai kallon gaba da bel ɗinsa. Kin ga bencin nan da kika ce an ƙara a bayan direba? Shi za ki fara cewa a cire.

Abu ɗaya zan ƙara daga aikina. Sa bel a mota daban, ɗaura shi daban. Kowace safiya matar da ke raka mu sai ta bi layi-layi tana dubawa, kuma kafin mu yi nisa wani ya kwance nasa. Sai da muka yi makonni ina tsayawa gefen titi ina cewa ba za mu tafi ba sai na ji ƙarar maƙala bel ɗin kowa, sannan suka saba. Yanzu su ke tona wa juna asiri.

Anti Nas ta amsa:

Maman Ummi, sannu da jinya. Kafin komai, tunda kanta ya bugu, in kin ga amai, ko yawan barcin da ba ta saba ba, ko tana kukan ciwon kai, ki mayar da ita asibiti, kada ki jira. Haƙorin kuma ki kai ta wurin likitan haƙori ya duba. A shekara shida mai yiwuwa na nono ne da dama lokacin faɗuwarsa ya yi, amma a tabbatar na ƙasansa bai taɓu ba.

Na daɗe ina aiki a ɗakin da ake karɓar 'yan haɗari. Waɗanda suka fi zuwa mana a mummunan hali su ne waɗanda mota ta watso waje ta taga ko ta ƙofa. Wanda ya zauna a cikin motar, ko ya karye, yawanci muna da abin da za mu yi masa. Babban aikin bel ke nan, ya riƙe mutum a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage mutuwar na gaban mota da kusan rabi, kuma ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya.

Mutane suna cewa ai cikin gari ne, ba a gudu. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, in ta tsaya farat ɗaya, wanda ke ciki kamar ya faɗo ne daga tsayin mita goma, bene mai hawa uku ke nan. Babu hannun da zai riƙe yaro a wannan lokacin, ko na uwarsa ne. Shi ya sa ɗora ƙarami a cinyar babba ya fi ba ni tsoro a duk abin da kika lissafa. Ƙaramin zai fara isa ƙarfen, sannan nauyin babban ya sauka a kansa.

Amma tambayarki ta biyu tana da muhimmanci, don bel da aka ɗaura ba daidai ba yana yin rauni. An auna shi ne da jikin babba. Na ƙugu dole ya kwanta ƙasa, kan ƙashin ƙugu da saman cinya. Ƙaramin yaro ƙafarsa ba ta kai ƙasa, sai ya zame gaba don gwiwarsa ta lanƙwasa a bakin kujera, bel ɗin ya hau kan cibiya. In aka yi karo a haka, hanji da ƙashin baya ne ke karɓa. Na taɓa karɓar yarinya da jan layi kwance a cikinta, tana magana tana neman ruwa, sai da aka yi hoto aka ga hanjinta ya tsage. Ta rayu, kuma da babu bel ɗin ina jin ba za ta iso mana da rai ba. Na kafaɗa shi ma ya bi tsakiyar kafaɗa da ƙirji. In yana gogar wuya yara sukan tura shi ƙarƙashin hammata ko bayansu, wannan kuma ɓata shi ne. A Ingila yaro yana zama kan wata 'yar kujerar ɗagawa a mota har sai ya kai santimita 135 ko shekara 12, don bel ɗin ya zauna masa daidai. Ki auna Ummi a jikin bango, za ki ga da saura.

Don haka 'yan nazire da 'yan aji ɗaya da biyu suna bukatar abin ɗagawar nan, ko bel mai sauka daidai tsayinsu. A kuma cire jaka daga baya kafin a zauna. Kuma don Allah kada a ƙara sa yaro a gaba.

Mai Walda daga Ƙofar Ruwa ya amsa:

Hajiya, ana sawa. Amma kada ki yarda a kira wani ya huda kujera ya ɗaura bel a ce an gama.

Da yawa daga cikin Homar da kike gani motar kaya ce ta shigo ƙasar nan, babu kujera, wata ma babu taga. A nan ake yanka taga, a lanƙwasa bututun ƙarfe a yi kujeru, a sa soso da leda. Wadda ta zo da kujerunta daga kamfani ba ta wuce 14 zuwa 16, mu ne muke mayar da ita 18. Ni kaina na yi wannan aikin ba adadi, shi ya sa na sani. Ƙasan motar falange ne siriri. Wani noti huɗu ƙanana yake sa wa kujera, wani ɗan ɗigon walda kawai. Ga zaman yau da kullum ya isa. Amma in kika ɗaure yara uku a jikin kujerar, ranar karo nauyinsu gaba ɗaya ƙafafun kujerar zai ja. In ta tumɓuke, da yaran da kujerar za su tafi tare, su danne na gabansu.

Aikin gaskiya shi ne a ɗaga leda a duba ƙasan, in ya yi tsatsa a yanke a sauya. Kowace ƙafa a sa mata babban noti mai lamba 8.8 a kansa, ya ratsa ƙasan motar, a tare shi da farantin ƙarfe mai kauri ta ƙarƙashi. Abin da ya fi shi ne a nemo cikakkun kujerun kamfani na gwanjo masu bel a jikinsu, ana samu a kasuwarmu in an sa cigiya. Bel na gwanjo kuma a duba shi: ki fizge shi da ƙarfi, in bai cije ba a ajiye. In ya yi gashi-gashi a gefe, ko rana ta cinye shi ya yi fari ya bushe, ko daga motar da ta yi haɗari aka ciro shi, ba shi da amfani.

Ki je ki kama kan kujerar da hannu biyu ki girgiza. Za ki san amsarki.

Maman Ummi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Anti Nas, an cire ɗinkin, babu amai babu ciwon kai, likitan haƙori kuma ya ce na nono ne, a bar shi ya faɗi da kansa. Na auna ta a jikin ƙofar ɗaki da tef ɗin ɗinkina, santimita 113.

Malam mai walda, na yi abin da ka ce. Yau bayan an tashi na roƙi direban ya buɗe min motar, bai musa ba, dattijo ne mai kirki. Na kama kujerar da Ummi ta buga na girgiza, sai ga ta tana rawa a hannuna kamar haƙorin nata. Na durƙusa na haska fitilar waya a ƙasa. Ƙafa ɗaya noti ne da bai fi na gadon yara ba, ɗayar kuma waldar ta rabu, an cusa guntun katako an tokare. Inda ledar ta yage ina hango kwalta ta wani ɗan rami da tsatsa ta ci. Ƙarfen da ya yanke ta kuwa babu ko soso a kansa, ledar ce kawai ta rufe shi. Jarka babu, alhamdulillah, amma tukunyar kashe gobarar allurarta tana kan ja. Direban ya tsaya a bayana ya ce, "Hajiya, na faɗa ya fi sau uku." Na yarda da shi.

Da na shigo nan bel kawai nake gani. Har yanzu ina kan bakata, ina son a sa, kuma yanzu na san abin da zan ce in an sake kawo min Amurka. Amma zan fara da cewa a cire bencin nan da katakon nan a makon nan, a daina sa yara a gaba, a dawo da sawu biyu yadda kowane yaro zai samu wurinsa. Sai a ba makaranta zuwa hutun ƙarshen zango ta gyara ƙasan motar ta sa kujeru masu bel, a kuma lulluɓe ƙarafan da soso kafin nan.

Baba Direba, maganarka ta adaidaita ita ta fi tsaya min. Akwai maƙwabciyata mai yara uku a motar nan, mijinta ya rasu bara, na san ko dubu biyar aka ƙara a kan kowane yaro cire su za ta yi. Na kira iyaye shida a daren jiya. Huɗu sun yarda a nemi makaranta ta kawo lissafin man sawu na biyu a rubuce, a raba a gaban kowa, a kuma yi wa mai yara fiye da biyu ragi. Ɗaya ya ce shi zai ɗauki kuɗin kujera biyu. Mun kuma yarda mu ma a ɗaure mu da sharaɗi: motar ba za ta jira kowa fiye da minti ɗaya ba, wanda bai shirya ba iyayensa su kai shi. Ni ce ta farko da wannan zai kama, don sau da yawa Ummi na sa takalmi ana hon.

Malam mai walda, taron ƙarfe goma ne. In da hali ka zo tara da rabi ka duba motar kafin a zauna, don iyaye su ji daga bakin wanda ya san aikin, su kuma ji kimanin abin da zai ci. Kuɗin motarka da na lokacinka a kaina. Zan turo maka kwatancen makarantar ta saƙon sirri.